Kabarin Kakana a Cikin Teku

Mun tashi da asuba daga tashar Daura, ni da wani abokina mai fataucin busasshen kifi. Inna ce ta aike ni. Tana yarinya mahaifinta ya kai shanu Ikko, ya zauna a wani ƙauyen masunta bayan Badagiri, can kuma ya rasu. Burinta wani nata ya tsaya kan kabarinsa ya yi masa addu'a tun tana raye.

Kafin mu kai Kazaure na dami direba da tambayar lafiyar birki. A Ilori na ci amala, tuwon Yarabawa, bayan na tabbatar Musulmi ne ya yanka naman.

Sai ga teku! Jama'a, ni da na saba leƙa rijiyar Kusugu, ga ruwa har inda ido ya gaji. Kifin da muke gutsira a miya, a nan kaji ke wasa da shi. Da na zo alwala na ji gishiri, sai da na buga wa malaminmu waya ya ce ta yi.

Wani tsohon masunci mai jin Hausa ya ba mu tarihin garin. Masu dafa gishiri ne suka kafa shi, masu jiragen kamun kifi suka biyo baya. Kakana, wanda suke kira Malam, in ji shi, shi ya fara kewaye musu masallaci da ganyen kwakwa. Amma teku na ta cin ƙasa, suna ja da baya.

Na ce, "Baba, ina maƙabartar?"

Ya nuna cikin ruwa. "Tana can. Ɗan Arewa, za ka shiga jirgi, ko mu ce wa Malam jikansa ya ji tsoro?"

Na shiga, na ƙanƙame katako ina salati. Da muka yi nisa ya saita wata doguwar bishiyar kwakwa da ke bakin gaɓa, ya ajiye filafili, ya ce nan ne. Nan na saki katakon, na ɗaga hannu biyu na yi addu'a, na kuma cika gora da ruwan wurin.

Duk hanyar dawowa ina zullumin yadda zan gaya wa Inna babu kabari. Ta saurare ni, ta ɗiga ruwan a harshe, ta yamutsa fuska.

"Allah sarki Baba! Shi da ko a miya ba ya son gishiri."

Ta yi dariya har da hawaye, ta sa mini albarka. Na koyi cewa ƙasa ma tana ƙaura, amma addu'a ba ta ɓatan hanya.