Alƙalami a Kan Hancin Malam Ilu

Cikin duk ranakun da na yi ina aikin asibiti, akwai wata ranar kasuwar Makarfi da har yau ba ta fita daga raina ba. Shekarun farko ne bayan samun 'yancin kai, ina mataimakin malamin asibiti a ɗakin shan magani na En'e, wato hukumar gargajiya. Aikina shi ne wanke ciwo, rabon ƙwayoyi, da tsawata wa masu tsallake layi, kuma a na ƙarshen nan na fi ƙwarewa.

Lokaci-lokaci wani babban malamin ido, Malam Habu, yakan zo daga Zariya ya yini da mu. Ranar da ba ya nan, gwajin ido a wurinmu abu ɗaya ne. Akwai allo a rataye can ƙarshen baranda mai zane kamar cokali mai yatsu uku, manya a sama, ƙanana a ƙasa. Mutum ya rufe ido ɗaya ya nuna inda yatsun suka fuskanta. In ya kai layin ƙasa, sai mu ce idonsa garau, ya tafi. Shi kuwa Malam Habu bai san wannan gajeriyar hanya ba. Sai ya shafe rabin sa'a a kan mutum ɗaya, ni kuma ina waje ina shan zagin 'yan layi.

Ran nan, Malam Habu na nan, sai wani gardi ya zo daga wajen Likoro, sunansa Malam Ilu, magidanci ne mai 'ya'ya. Gardi shi ne ɗalibin makarantar allo da ya girma ya yi nisa a karatu. Shi wannan ya haddace Alƙur'ani tsaf, har ya fara rubuta shi da ka, wanda sai an gama shi ake kiran mutum Alaramma. Ya ci fiye da rabi, sai aikin ya tsaya cak.

Bayan doguwar gaisuwa, Malam Habu ya ce, "Allah gafarta Malam, me ke tafe da kai?"

Ya ce, "Ni dai cewa aka yi in zo, amma idona ƙalau yake. An gwada ni a wancan allon naku, an ce na fi shaho gani. Sai dai da na zauna rubutu kaina ya ɗauki sara, layi ya karkace, in tsallake wani. Wasu sun ce sammu ne. Yayyena sun ce in koma gonar rake. Ni abin da ke ci mini rai, Baba Alaramma da ya koyar da ni ya tsufa ƙwarai, ga jinya. Kullum tambayarsa ke nan, Ilu, izu nawa ya rage? Tsoro nake ji kada ya tafi ban kai masa ba."

Mutumin ba ya ko ɗaga murya, amma kana gani ka san abin ya daɗe yana cin sa.

Malam Habu ya fara aikinsa. Allon nesa, Malam Ilu ya cinye shi kamar wasa. Aka haska cikin idon da 'yar tocila, lafiya lau. Aka kaɗa yatsu daga gefe don a ji ko yana ganin abin da ke kusa da kafaɗarsa, yana gani. Aka zube masa zare ja da kore da shuɗi, ya ware su ba kuskure. Saura karatun kusa. To, katin da aka ba mu da boko aka buga shi, mutanenmu kuwa ajami suka sani. Don haka al'adarmu ita ce, duk malamin da ya zo sai mu ce ya karanta abin da ya taho da shi.

Malam Ilu ya zaro takarda ɗaya daga cikin rubutunsa, ya gyara zama, ya yi bisimilla. Kai, muryar nan! Baranda ta yi tsit, har mai ciwon haƙorin da ya ishe mu da nishi ya yi shiru. Ko gargada babu. Ni har na fara cewa a raina, ai wannan ba namu ba ne. Sai na ga Malam Habu yana murmushi, ya leƙa takardar, ya dubi fuskar mai karatu, ya sake leƙawa.

Ya ce, "Malam, ai takardar nan ta ƙare tun ɗazu. Daga ina kake karanto sauran?"

Malam Ilu ya dubi takardar, ya dube mu, sai shi ma ya fashe da dariya. Ashe layin farko kawai ya kalla, sauran duk daga ka yake zubowa. Mun yi dariya har da riƙe ciki. Malam Habu ya share hawaye ya ce mini, "Sule, ka ga mun gwada haddarsa, ta ci jarrabawa. Yanzu bari mu gwada idon."

Ya ɗauki takarda ya rubuta kalmomin Hausa da ajami, waɗanda babu abin da ya haɗa su: tukunya, gobe, jaki, gishiri, haka dai. Layi biyu na farko suka tafi daidai. Daga nan Malam Ilu ya fara yamutsa fuska, ya maimaita layi, ya tsallake wani, can sai ya sa tafin hannu ya rufe idon hagu.

"Me ya sa ka rufe?"

"In na rufe ɗaya, rubutun yakan daina rabuwa biyu."

Malam Habu ya karɓi alƙalamin karan da ke aljihun Malam Ilu, ya riƙe shi nesa, ya ce ya zuba wa bakin alƙalamin ido. Ya riƙa matso da shi a hankali wajen hanci, ya ce in tsaya in kalla. Da idona na ga idon dama yana bin alƙalami, na hagu kuwa ya biyo kaɗan, sai ya zame ya yi gefe abinsa.

Ya ce, "Malam, ba sammu ba ne. Kowane ido naka lafiyayye ne, haɗa kai ne ba su iya ba in abu ya matso. Kamar shanun huɗa ne, kowanne ƙaƙƙarfa, amma ɗaya na ja gabas ɗaya na ja arewa. Kuma suna koyo."

Ya koya masa ya riƙa yin wannan da kansa safe da yamma: ya matso da alƙalami har ya ga zai rabu biyu, ya tsaya, ya haɗe shi ya koma ɗaya, ya sake. Ya ce ya yi rubutu da hasken rana, yana hutawa yana duban nesa. Malam Ilu ya ce, "Shi ke nan? Ba allura?" Na ga alama ya ɗan raina maganin.

Bayan 'yan makonni Malam Habu ya aike ni in dubo shi. Na hau kekena, na bi ta Hunkuyi na isa. Ina shiga makarantar na yi turus. Gardawa ne reras a gindin tsamiya, kowa da alƙalami a kan hanci, idanu duk sun harɗe. Na ce, "Lafiya?" Wani mai gemu ya jawo ni gefe ya raɗa mini cewa wani laƙani ne Malam Ilu ya samo a Makarfi, na buɗe ƙwaƙwalwa, tun da ya fara shi rubutu ke gudu. Shi Malam Ilu ya yi ta gaya musu maganin ido ne, sun ce rowa yake yi. Ranar na yi dariyar da ta kusa kayar da ni daga keke a hanyar komawa.

Da kaka aka aiko mana goron walimar gama rubutun. Malamai sun riga sun bi rubutun sun duba, sun gyara abin gyara. Aka fito da Baba Alaramma a tallafe, aka zaunar da shi kan buzu, aka ɗora masa gafakar a cinya, wato jakar fatar da aka sa rubutun ciki. Ya daɗe yana shafa ta. Sannan ya ɗaga kai ya ce, "Ina Alaramma Ilu?"

Malam Ilu ya waiga baya yana neman wanda ake kira. Sai da na kusa da shi ya zungure shi sannan ya gane. Ya rarrafa ya durƙusa gaban tsohon, kuka ya ƙwace masa. Ni ma ban iya riƙe nawa ba, kuma ban ji kunya ba, don farin ciki irin na ranar ban cika samun sa a wurin aiki ba.

Ku da kuke riƙe da aikin yanzu, kayan aunawarku sun fi namu nesa ba kusa ba. Amma ganin layin ƙasa ba shi ne ƙarshen gwaji ba. Ido yana da aikin bin layi, da haɗa kai da ɗan'uwansa, da jure kallon kusa. Kuma mutanenmu ba masu yawan ƙorafi ba ne, in ka ce musu lafiyarsu ƙalau za su yi godiya su tafi da ciwonsu. Tun daga ranar, duk wanda ya zauna gabana, kafin in nuna masa komai sai na tambaye shi aikin da yake yi da idonsa.