Dodon Kan Gada

Matar Direba ba ta taɓa son gem ba, wasan nan da ake bugawa a na'ura, har yau ɗin nan. Ita dai rayuwarta jira ce. Da ƙuruciya ta jira shi ya dawo daga hanya da babbar mota, yanzu kuma da ciwo ya sauke shi daga sitiyari, tana jiransa a kan kujerar roba a ɗakin wankin ƙoda. Ta gaji, irin gajiyar da barci ba ya ɗauke ta.

Shi ma ya gaji. Akwai lokacin da ya kafe ya ce ya daina zuwa asibiti, a bar shi da Ubangijinsa. Surukinsu ne ya kawo masa 'yar na'urar gem ta hannu, ko za ta rage masa zaman. Gem ɗin ko kyan gani babu: gari a ƙone, matattu suna yawo, wani jarumi yana ratsa su da takobi. Sai ga dattijo ya kamu, har shi ke tashinta ranar wanki.

Da yake bahago ne, a hannun dama ake soka masa allurai, kuma an hana shi motsa shi. Sai suka raba na'urar, ya riƙe hagu yana tuƙa jarumin, ita ta riƙe dama tana sara. Haka suka yi ta lallaɓawa har suka iso wata gada, inda wani ƙaton dodo mai sarƙa ya tsare hanya. Wata da watanni yana tumurmusa su. Kullum laifinta ne, wai bai taɓa ganin karen mota mai sanyin jiki irinta ba, nas-nas suna ta dariya.

Ran nan ya ce, "Ranar da muka kayar da shi, na huta da zuwa nan." Cikin wasa ya faɗa, amma ita ta san halin kayanta.

Wata safiya ana tsakiyar faɗan barci ya kwashe shi. Ta karɓe ɓangarensa don kada jarumin ya mutu a banza. Ta goce, ta sara, ta sake gocewa, sai ga dodo rim a ƙasa. Ashe ba ita ce mai sanyin jikin ba, yatsunsa ne suka yi nauyi. Tausayi ya kama ta.

Na'urar ta tambaya ko a ajiye nasarar. Ta dubi kumburarrun ƙafafunsa, ta danne maɓallin kashewa ba tare da ta ajiye ba.

Da ya farka ya tambayi yadda aka kwashe.

"Ya sake gamawa da mu, Malam."

Ya ja tsaki. "To jibi ki shirya da wuri."

Ta ce to, ta durƙusa tana sa masa takalmi.