Katantanwar Rijiyar Kawu

"Ke da garinku ko gulbi babu, mi ya kai ki karatun halittun teku?"

Da wannan Kawu Ila, mai haƙar rijiya, ya tare ni jiya. So yake in koma likitancin dabbobi.

Na ce, "Kawu, ina duwatsun nan masu kamar katantanwa da kake tonowa a rijiya?"

Ya ɗauko guda. Na ce masa halittar teku ce ta zama dutse, a kan jikokinta nake bincike a iniversite. Dakoro, garin namu, da can ƙarƙashin teku take.

Ya daɗe yana jujjuya ta, sannan ya ce, "Ashe na riga ki shiga tekun, ɗiyata. Koma ki ƙarasa."

Ku fa, wa ya tsaya muku kan karatunku?