Malam Maharazu da Rigarsa Mai Hanji

Kullum da safe Malam Maharazu kan tayar da tsohon babur ɗinsa da shuri uku, wata rana bakwai, ya nufi sakandaren da yake koyar da ilimin halittu a gefen Kiyawa. Shekara talatin da biyar ke nan. Ƙarshen watan nan zai yi ritaya, kuma shi kaɗai ne malamin wannan darasi a makarantar. An rubuta takardar neman wanda zai gaje shi, aka ce ana duba ta. Ɗalibai ɗari uku suna jiran a gama dubawa.

Makarantar tana da ɗakin gwaje-gwaje, da kwaɗo mai kyau a ƙofarsa. Ciki akwai benci biyu da hoton cikin mutum wanda gara ta cinye daga ƙirji har cibiya. Saboda haka idan zangon koyar da narkewar abinci ya zo, sai Malam ya biya mayanka wajen Misbahu mahauci, ya ɗauko kayan cikin akuya a faranti, ya baje a gaban aji. Ga maƙogwaro, ga tumbi, ga hanji. Ya ɗaga hanta ya nuna 'yar koriyar jakar da ke maƙale a ƙarƙashinta, ya ce wannan ce matsarmama, ɗacinta ke taimakawa wajen narka maiƙo.

"Malam," in ji Misbahu, "kowa miya yake sayen kayan ciki domin ta. Kai kaɗai ke kai su makaranta. To, suna cin jarrabawar?"

Wata shekara aka samu amsa. A jarrabawar gwaji aka ce a zana hanyar abinci a jikin ɗan Adam. Ɗalibai hamsin da biyu suka zana ta tsaf, da tumbi mai ɗaki huɗu irin na akuya. Shugaban makaranta ya kira shi ofis, ya tura masa takardun.

"Malam Maharazu, yaushe muka fara tuƙa ban sani ba?"

"Laifina ne, ranka ya daɗe. Sau ɗaya na faɗa musu namu ɗaki guda ne. Akuya kuwa sau goma ta nuna musu nata."

Aka hana shigo da faranti makaranta. Saura mako shida babbar jarrabawa. Da wani malamin ne, da ya cika allo da rubutu ya ce a haddace. Malam Maharazu gida ya koma, ya miƙa wa matarsa Malama Kubura wata tsohuwar farar riga, ya roƙi arziki. Ta ce ta ɗinka kayan amare, ta ɗinka na jarirai, amma ba a taɓa kawo mata ɗinkin hanji ba. Ta zauna a kan keke kwana huɗu. Hanta daga jar atamfa, a dama. Tumbi ɗaki guda, a hagu. Ƙaramin hanji mita shida na ƙyalle da aka cusa wa auduga, a naɗe, ana iya warware shi. Babban hanji ya kewaye shi kamar katanga.

Ya saka rigar ya shiga aji, magidanci da furfura. Waɗanda suka halarta sun ce an yi dariya har wani ya faɗo daga benci. Ya jira suka gama. Sannan ya ba wani yaro bakin hanjin ya ce ja, yaro ya yi ta ja har ya fita ƙofa. A shekarar ba wanda ya sake ba mutum tumbin akuya.

Kai ne ka yarda a yi maka dariya, Malam, muddin za a gane. Kai ne aka laƙaba wa Malam Kayan Ciki a kasuwa, kana amsawa. Akwai ma'aikatan jinya a Dutse da in mara lafiya ya ce nan ke ciwo, rigarka suke fara gani a zuci. Ba a taɓa ba ka lambar yabo ba. Masu rabawa ba su cika bin hanyar da ba kwalta ba.

Makon jiya Mashkura ta zo gidansa. Tana cikin hamsin da biyun nan, ta kuma gama karatun ilimin halittu a Kafin Hausa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce ta yi magana da shugaban makaranta, za ta riƙe ajin kafin a gama duba takardar.

"Baba Malam, rigar na zo aro."

Ya ɗauko ta, ya kara a kafaɗarta, ya ga ta kusa kai mata ƙasa.

"Kai wa Kubura ta rage miki tsawo da hannu," ya ce. "Amma ku bar hanjin yadda yake. Mita shida ne, ko a cikin wa."

Mun gode, Malam Maharazu. Allah Ya saka da alheri, Ya sa ka huta lafiya, Ya ba Malama Kubura nata ladan. Sauranmu masu jiran a kawo kayan aiki kafin mu fara aiki, mu duba gida, wataƙila akwai tsohuwar riga.