Ya Wuce Ƙofata Ya Tafi Gwaram

Mai karatu, idan kuka ka zo nema a nan, ka nemi wata takardar. Ni ban iya yabon ƙarya ba, kuma ba zan fara shi a kan mamaci ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 9 ga Mayu, 1978, Allah ya yi wa Saje Hambali rasuwa a gidansa na Gwaram. Ƙanin mijina ne, tsohon soja, gwanin harbin allo daga nesa. Shi ne kuma mutumin da ya raba ni da hankalin ɗana.

Saje, haƙƙinka zan fara ba ka. Da yayanka ya rasu ya bar ni da marayu a Birnin Kudu, babu kakar da jakinka bai tsaya ƙofata da dawa ba. Da damina ta kayar da katangarmu, kai ka tuɓe riga ka kwaɓa ƙasa. Da birai suka addabi manoman Farin Dutse, kai ka yini musu a gona, ko ruwa ba ka bari an biya ka da shi ba. Wannan duk na shaida, zan kuma shaida gaban Allah.

Amma Ƙasimu ni na haife shi. Malanta na so ya yi. Na yi faɗa, na yi nasiha, har bakina ya bushe. Kai kuwa sau ɗaya ka kai shi bayan gari, ka jingina faifai a gindin kuka, ka ce ya rufe ido ɗaya. Daga nan sai soja.

Shekarar da aka zaɓe shi gasar harbi a Kaduna, an ba shi zaɓin bindiga biyu: wata mai ƙaramin harsashi, mai daɗin riƙo, wata mai babban harsashi, mai shurin kafaɗa kamar jaki. Ya rasa ta ɗauka, sai ya hau mota ya zo shawara. Motar Gwaram ta ƙofar gidana take bi. Bai sauka ba. Talatu mai ƙosai ce ta ce mini, “Inna, ashe soja ya zo? Na hango shi a mota, har ya ɗago mini hannu.” Na ce na sani. Ban sani ba.

An ce tambayarsa ka yi nisan allon, da ya faɗa ka ce, “Ɗauki mai shurin. Ƙaramin harsashi na kusa ne, kafin ya yi nisa iska ta kaɗa shi. Mai nauyi ke isa.” Ya ci gasar. Kofin kuma a ɗakinka aka ajiye shi.

Na yi kara, domin uwa ba ta jayayyar ɗa da dangin uba. Amma na daɗe ina juya maganar nan taka. Ashe ni ce mai ƙaramin harsashi: kullum ina harbi, iska na kwashewa. Kai kalma ɗaya a shekara, ta same shi har Kaduna.

Bayan addu'ar uku Ƙasimu ya shigo ɗakina da kofin a cikin zane, ya durƙusa. Ya ce, “Inna, Baffa ya ce in kawo miki. Ya ce nauyin naki ne, shi saiti kawai ya gyara.”

Na ce, “Da bai ce ba fa?”

Ya sunkuyar da kai. Ka gani, Saje? Ko ƙofata sai da ka aiko shi ya gane ta.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya haskaka kabarinka, ya saka maka dawar marayu da Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargidanka Hapsatu da 'ya'yanka da mutanen Gwaram. Allah ya ba mu haƙuri.

Kofin yana kan akwatina. Doka kuma na kafa, na faɗa wa 'ya'yana har da jikokin da ke goye: daga yau duk wanda ya fito daga cikina, ko ziyarar kabarin Baffansa za shi, a Birnin Kudu zai fara sauka, ya gaishe ni, ya sha ruwan randata. Sannan in ce masa, tashi ka je ka yi wa Baffanka addu'a, ya cancanta.