Garwashin Iya da Kwandon Goro

Abu uku kakata ta bar mini, kuma ba ko ɗaya da za a iya sa wa makulli: babban yatsan da ke gane ɓataccen goro tun kafin ido ya gani, da addu'ar da ake yi kafin a kwance kwando, da tatsuniya guda. Sauran abin da na mallaka a Agege ta Legas, shaguna biyu da gidan da nake zaune a ciki ni kaɗai, da gumina na same su, kuma na san masu gadonsu. Waɗancan ukun ne ban san inda za su ba idan na kau.

Iya muke ce mata. Ɗakinta na ƙarshen wani dogon gidan haya kusa da titin jirgi, rabi Hausawa rabi Yarabawa, ban ɗaki ɗaya. Sana'arta zaɓen goro. Fatake kan kawo mata kwanduna ta ware mai kyau da mai sankara, wato wanda tsutsa ta shiga, ta sake lulluɓe shi da ɗanyen ganye. Da an idar da magariba sai ta fito da kurfotinta baranda, ta ɗora shayi a kan gawayi, ta jawo kwando tsakanin ƙafafunta. Mu jikoki biyar mu kewaye ta. Ba a sauraren tatsuniyar Iya hannu sake. Kowa sai an zuba masa goro a cinya.

"Maigidana, matso," haka take tsokanata. "Miji ba ya ciyar da ni, ko zaɓen goro ai ya taya ni."

Ba ta kallon goron. Murza shi take da yatsa tana magana, sai ka ji ta jefa ɗaya gefe, ƙwal. Idan na ajiye ɓatacce cikin masu kyau, sai ta kama yatsana ta danna shi a wurin. "Ji nan. Ka ji ya lotsa? Ido maƙaryaci ne, shi ja kawai ya sani." Idan jirgi ya zo wucewa takan yi shiru har kwanon rufin ya daina rawa, sannan ta ce, tana nufin tatsuniyar, "To, ga ta nan ta sauka a jirgi, wa zai tarbe ta?" Mu ce, "Mu ne."

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta tsohuwa mai garwashi. Wai a wani gari da ba a san ashana ba, wata tsohuwa ce kaɗai wutarta ba ta mutuwa. Ta san yadda ake binne garwashi a toka ya kwana da rai, kowace safiya gari ya zo ɗibar wuta a gidanta. Tana da 'ya ɗaya da take so kamar ranta. Duk sanda yarinyar ta matso murhu sai ta ce, "Koma, hayaƙi zai sa idonki ya yi ja." Dafaffe kawai take kai mata. Ta tara mata rumbu uku na gero, da tukwane, da itace har rufin ɗaki. Ran da tsohuwa ta rasu, yarinya ta tula wa garwashi itace don kada ya mutu, ya ci ya cinye kafin asuba. Aka wayi gari ba wuta ko'ina. Ta zauna tsakanin rumbuna uku tana tauna ɗanyen gero.

Nan Iya ke tsayawa ta ce, "Laifin wa?"

"Na yarinyar," mukan ce baki ɗaya. "Raguwa ce."

Sai ta yi dariya ta jefa goro gefe. "Maigidana, bari gemu ya fito maka tukuna."

Na ɗauki darasin yadda na fahimce shi: kada ka zama rago. Da shi na tashi daga ɗaukar kwando a ka har na zama dillalin da ake aiko wa mota daga Kano. Da na haifi 'ya'ya huɗu, na rantse ba wanda zai yi warin ganyen goro. Idan Nura, babbansu, ya biyo ni shago yana ƙarami, sai in ce, "Koma gida ka yi karatu, nan ba wurinka ba ne." Ina ganin gata nake yi masa. Suka yi karatun kuwa. Biyu suna ƙasar waje, ɗaya ta yi aure a Abuja, Nura yana aikin ofis a Isolo. Mahaifiyarsu ta rasu shekara uku ke nan.

Watan jiya Nura ya zo da yamma da kwando a bayan mota. Goron neman aurensa ne, washegari baffanninsa za su kai gidan surukai. Wai bai so ya wahalar da ni, sai ya saya a hanya.

"Baba, duba, manya ne. Mai shi ya ce ba irinsu a Legas."

Jajaye ne, masu sheƙi. Ya kai hannu zai kwance igiya, sai na ji ya yi bisimilla, ya ƙara da addu'ar Iya, ta neman albarka da tsari daga cutar da wani. Na ce, "Wa ya koya maka?"

"Mama. Ta ce a bakinka ta ji, sanda kake yi a shago."

Na sa yatsa. Na farko ya lotsa. Na biyu ma. Kusan rabin kwandon sankara ta cinye shi ta ciki. Ɗan dillalin goro, an yi masa abin da ba a yi wa baƙon da ya sauka a motar haya ta danfo yau. Da an kai shi haka, da sunana za a fasa a gaban surukai tare da goron.

"Ai goro goro ne, Baba," in ji shi, yana 'yar dariyar kunya.

Ban yi faɗa ba. Na ce ya zauna, na zuba masa a cinya, na kama yatsansa na danna. Yatsan mutum mai shekara talatin da biyu, laushi kamar na jariri. "Ji nan." Ya ce bai ji komai ba. Na soma ba shi labarin tsohuwa mai garwashi. Ina daidai rumbuna uku wayarsa ta yi ƙara, ogansa ne. Ya miƙe yana ba ni haƙuri, ya ce kada cunkoso ya rutsa da shi a Oshodi.

Na ƙarasa zaɓen ni kaɗai a baranda, na cike gurbin da goron shagona. Na ƙarasa tatsuniyar ma a raina, har tambayar. Gemuna ya fito, ya yi fari, sai a ranar na ba Iya amsarta.

Ga lissafin, ba ragi. Uku aka ba ni. Addu'a ta wuce, amma ba ta hannuna ba. Tatsuniya ta tsaya a rabi. Yatsa kuwa yana nan jikina, da shi za a binne ni idan ban yi da gaske ba. Rumbunan dai na cika su.