Haddar Da Na Karɓa Wa Ɗiyata Likita

Assalamu alaikum, Edita, da duk mai karanta wannan shafi. Lokacin da abin nan ya faru ni matar aure ce a Goronyo, ina ɗan kiwon awaki, ina kuma gyara wa maigidana irin albasa, don shi manomin rani ne a filayen da ke shan ruwan dam. Haihuwar Rara ce ni, gidan malamai. Ban yi boko da ƙuruciya ba, sai da na haifi 'ya'yana na shiga ajin yaƙi da jahilci, na koyi karanta Hausa da rubuta ta, na san lambobi, na san baƙaƙen Turanci ko da ban jin abin da suke faɗi. Maƙwabta suna ce mani mai haƙuri, ba a jin muryata bayan katanga. Na faɗi haka ne don a san ba da faɗa na yi abin da na yi ba. Da lallashi na yi shi.

Ɗiyata ta fari, wadda ko sunanta ban kira saboda kunya irin tamu, ta samu tallafi ta yi karatun likita a ƙasar waje. Da ta dawo mun ɗauka an gama. Mata sunka riƙa shigowa barka, kowace tana ce mata Likita, kowace da ciwon da ta zo da shi. Sai ta zaunar da mu ni da mahaifinta ta ce ba ta da ikon duba kowa tukuna. Duk wanda ya yi karatu a waje sai ya zauna wata jarrabawa ta hukumar likitoci, in ya ci a ba shi lasisi, in bai ci ba ya jira wata, kuma takardar da ya zo da ita ba ta yi mashi komi a asibiti. Saura 'yan watanni.

Ashe ita wagga jarrabawa da tambayoyin gwaji ake shirya mata. Ɗiyata tana da ƙawa da sunka yi karatu tare, Kirista, ɗiyar wata ma'aikaciyar jinya da ke aiki a Wurno. Ita ta haɗa ta da wasu tambayoyi na cikin waya. Kowace tambaya labarin majinyaci ce, in ka amsa a nuna maka dalilin da ya sa amsar take daidai da dalilin da ya sa sauran ba su yi ba, gobe kuma a kawo wasu daban. Gidanmu ba sabis, sai ta taka zuwa gidan gwaggonta kusa da kasuwa ta zauna bisa dakalin zaure. Takan dawo fuska ɗaure. In na tambaye ta, sai ta ce yau ma kusan rabi ta faɗi. Ni kuwa abin bai yi mani ba, don a gidanmu ɗalibin da ya ɓata rabin allonshi ba a barin shi ya wanke. Na yanke a raina cewa tambayoyin nan ba na alheri ba ne.

Ana nan sai ƙanen maigidana, wanda ke kai albasa birni, ya zo da wani ɗaurin takardu da ya saya a shagon masu kwafi. Mai shagon ya rantse mashi cewa tambayoyin baya ne, kuma su ake maimaitawa. Na juya bayan takardun sai na ga lambobi jere, gaban kowace lamba baƙi ɗaya, ko A ko B ko C ko D. Ba zan ɓoye ba, daɗi ya kama ni, don wanga abu ina iya karanta shi. Duk shekarun da ta yi a waje, mahaifinta ke maganar hidimar makaranta, ƙawarta ke maganar karatu, ni tawa ba ta wuce dambun nama da yaji in an samu mai tafiya. Ga shi yau an kawo abin da zan iya riƙewa. Ni kuwa da karɓar hadda na tashi, ni ke riƙe wa ƙannena allo suna biyawa.

Ban hana ta wayar ba. Cewa na yi rana ta yi zafi, kuma bai dace likita guda tana zaune bisa dakali 'yan kasuwa suna wucewa suna kallonta ba. Na ce abin da ke ɓata maka rai kullum ba abin riƙewa ba ne, mu gwada wanga tare ko na kwana kaɗan. Ta duba takardun ta ce ba su da bayani, kuma ta ga wata amsa kan zazzaɓin cizon sauro wadda an daɗe da barin yin aiki da ita. Na ce mata a hankali waɗanda sunka buga sun fi mu sani, ba a rubuta abu a banza. Ta sunkuyar da kai. Tsakanin uwa da 'yar fari ba a doguwar magana, kuma ni na san haka sa'ad da nike faɗi.

Kullum in an gama aikin safe sai mu shimfiɗa tabarma ƙarƙashin rumfa. Ita ta riƙe tambayoyi, ni in riƙe shafin amsa. In kira lamba, ta karanta, ta faɗi baƙi, in ce daidai ko in ce sake. Maigidana in ya dawo daga gona yakan tsaya bakin ƙofa ya tambaya ko Malama ta tashi makaranta ko ya koma ya jira. Kuskure ya riƙa raguwa har ya ƙare. Wata rana na kira lamba, kafin ta dubi takarda ta faɗi baƙin. Na tsallaka tsakiya, ta faɗi. Na koma daga ƙarshe, ta faɗi. Na ce lallai yarinya ta sauke. Na toya masa na raba sadaka, na gaya wa maƙwabta. Ita dai ta yi wani ɗan murmushi wanda ban gane ba sai daga baya. Ƙawarta ta zo gaishe mu, ta ga abin da muke yi, ta durƙusa ta roƙe ni cikin ladabi in bar ta ta riƙa haɗawa da na wayar. Na sa mata albarka, na cika mata leda da albasa, ban canza komi ba.

Anka yi jarrabawa, sakamako ya fito. Ƙawarta ta ci, ɗiyata ba ta ci ba. Matan da ke ce mata Likita sunka koma tambayata a wurin suna yaushe za ta fara aiki, wata ma ta ce ita ba ta taɓa ganin likitan da ba shi duba mutane ba. Yarinya ta daina fita. Ni kuwa ina ta cewa ƙaddara ce, wani lokacin in ce ƙila zaluntarta anka yi. Ranar da muke sheƙe irin albasa mu biyu a tsakar gida na kasa daurewa, na ce mata to mi ya faru, ai ni shaida ce ba lambar da ba ki sani ba. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, “Inna, majinyaci ba shi zuwa da lamba ga goshi.”

Sannan ta yi mani bayani. An kawo tambayoyi masu kama da namu, amma sai a mai da babba yaro, ko a ce matar tana da ciki, amsa kuwa ta canza, ita kuma hannunta ya riga kanta zuwa ga baƙin da ta haddace. Har ta zazzaɓin nan ta fito, ta zaɓi abin da munka biya tare alhali ta san ba haka ba ne. Na ci gaba da sheƙe irina. Sai washegari na same ta na ce ta yafe mani. Kunya ta kama ta, ta ce ita ma da laifinta, ta san takardun ba su isa ba, amma cinye duk tambayoyin kullum yana da daɗi, ganin ina murna kuma ya fi daɗi.

Da za ta sake shiri ban sa baki ba. Ta tambayi waɗanda sunka ci kwanan baya abin da sunka yi aiki da shi, ta ɗauki masu bayani, tana gwada amsoshinsu da littattafanta na yanzu. Ta koma Wurno gidan mahaifiyar ƙawarta inda akwai sabis, tana zuwa gida ran Juma'a. Ita da kanta ta samo mani sabon aiki. Sai ta gaya mani ciwon da zan yi, in kwanta bisa tabarma ta yi mani tambayoyi, in ta faɗi magani ni kuma in ce don mi, ta bayyana mani da Hausa har in gane. In ta kasa, ta koma littafi. Na zama mai ciki, na zama tsoho mai hawan jini, na zama jariri mai gudawa, har maigidana ya ce duk cututtukan Goronyo sun ƙare kan matarshi. In na tambaye ta nawa ta faɗi wanga mako ta ce da yawa, na koyi cewa alhamdu lillahi, gara da anka kama kurakuran tun a gida.

Allah Ya taimake ta ta ci, yanzu tana aiki. Amma lokacin da ta rasa ba ya dawowa, ƙawarta tana gaba da ita har yau, kuma watannin da ta yi ba ta fita ni na san wa ya jawo su. Abin da nike so in gaya wa iyaye 'yan'uwana shi ne, in yaro yana shirin irin wagga jarrabawa, kada ku zaɓa mashi abin da ya fi maku sauƙin ganewa. Ku bar shi ya tambayi waɗanda sunka bi hanyar. Ku guji amsar da ba ta da dalili tare da ita, ku guji mai rantsuwar cewa tambayoyinshi za su fito. Yaron da ke faɗuwa a gwaji yana gano dalili ya fi wanda ke cinye tambayoyi duka da ka. Ku kuma 'ya'ya, ladabi bai hana ku maimaita wa uwa gaskiya sau biyu. Ni da ban taɓa yarda da irin albasa don rantsuwar mai sayarwa ba, sai na jiƙa shi cikin tsumma na ga ya tsiro, ban yi wa karatun ɗiyata ko wannan ba. Takardun suna nan, ban iya ƙona abin da ke da rubutu. Da su nike ƙunshe iri yanzu, kuma duk ƙunshin da na ɗauka sai na ga lamba da baƙinta, har yau ina tuna wasu.